Asalin Wasan Rufa-Ido

Masu wasan ban mamaki a ƙasar Daura iri-iri ne. Akwai 'yan tauri, masu gurza wuƙa a ciki ana yi musu kiɗa da kirari. Akwai gardawa, masu yawo da kura da biri da maciji. Akwai 'yan hoto, masu cilla garma sama su cafe. Sannan ga ɗan dabo, wanda shi ne mai rufa-ido na ainihi: ya sa tsakuwa cikin hula ya fito da ƙwai, ya zaro ƙyalle daga baki har ya taru a ƙasa. Akan ci karo da su ran kasuwa a Mai'aduwa ko Zango, ko kuwa lokacin Sallar Gani, sa'ad da garin Daura ke cika da baƙi.

Garin da ake jingina sarautarsa ga kashe macijin rijiyar Kusugu dole ya ga girman wanda ba ya tsoron maciji, don haka gardi ba ya rasa taro. Amma aikinsa sani ne. Maciji ba shi da kunne a waje, kuma idan ya fasa kai yana lilo, motsin hannun da ke gabansa yake bi, ba kiɗa ba. Da yawa cikin masu wannan sana'a a duniya sukan cire masa haƙoran dafi, su kuwa haƙoran nan sake tsirowa suke yi, shi ya sa wani lokaci akan ji mai wasa da maciji ya mutu a bakin abin wasansa. Kuɗin kuma ba a kallon yake ba, yana cikin ƙullin maganin da za a sayar bayan taro ya haɗu.

To, sana'ar dabo ta tsufa ƙwarai. A wata tsohuwar takardar Masar da ke ajiye a Balin ta Jamus, akwai labarin wani tsoho mai suna Dedi, wai shekararsa 110, wanda aka kai gaban Sarki Khufu, mai babbar dalar Giza. Sarki ya ji an ce yana mayar da kan da aka yanke, ya ce a kawo ɗan kurkuku a gwada. Dedi ya ce a'a, ban da ɗan Adam. Aka kawo dinya, aka fille mata kai, ya yi 'yan surkullensa, ta miƙe tana kuka. Tatsuniya ce, amma masu dabon baya sun yi wasan nan sarai: a cusa kan tsuntsu ƙarƙashin fiffike, a nuna wa mutane kan wani.

Labarin masihirtan Fir'auna da Annabi Musa, Alaihis Salam, kowane ɗan makarantar allo ya san shi. Abin da ba kowa ya ji ba shi ne bayanin Al-Jassas, malamin Bagadaza da ya rasu a 981. Ya kawo cewa sandunan nan masu rami ne, igiyoyin kuwa na fata, an ɗura musu zaiba, da zafi ya taɓa su sai suka shiga motsi. A ƙarni na 13 kuma wani mutumin Dimashƙa, Al-Jaubari, ya rubuta littafi sukutum yana tona asirin masu wasa da wuta, da masu da'awar mayar da tagulla zinariya, da malaman ƙarya.

Wanda ya kai wasan daga bakin kasuwa zuwa zauren manya shi ne Robert-Houdin, Bafaranshe mai gyaran agogo. Ya buɗe gidan wasansa a Faris a 1845, ya yar da rigar bokaye ya sa kwat irin ta attajirai. A 1856 gwamnatin Faransa ta aika shi Aljeriya, don malaman zawiyoyi suna nuna abubuwan mamaki, jama'a na bin su suna yi wa Faransawa tawaye. Aka tara shugabannin ƙabilu a birnin Aljiyas. Ya ajiye ɗan akwati, ya kira wani ƙato ya ɗaga, ya ɗaga shi ba wahala. Ya ce masa yanzu na zare maka ƙarfi. Ƙato ya ja, ya ja, gumi ya keto, akwati ko gezau. Daga nan ya kurma ihu ya ruga waje.

Gindin akwatin ƙarfe ne, ƙarƙashin dandamali kuwa an ɓoye maganaɗisun da lantarki ke tayarwa, ihun kuma wutar da aka sakar masa ta mariƙi ce. Mutumin bai rasa ƙarfi ba, labarin lantarki ne bai iso masa ba tukuna. Ni a ganina wannan ya wuce wasa, mulkin mallaka ne ya ari hular ɗan dabo. Sai dai yawancin labarin daga alƙalamin shi Robert-Houdin ya fito, mutumin da ruɗin jama'a ne abincinsa.

Littafin da ya ba da labarin a ciki ya faɗa hannun wani yaro a Amurka, Ehrich Weiss, wanda ya so shi har ya ari sunansa ya zama Houdini, gwanin kuɓucewa daga ankwa. A 1908 Houdini ya wallafa nasa littafin, yana cewa yawancin dabarun da Bafaranshen ya yi taƙama da su na magabata ne ya kwasa.