Bombay Talkies: Kamfanin Da Ya Raini Taurarin Indiya, Rikicin Cikin Gida Ya Durƙusar Da Shi

A watan Afrilun 2023 kafar Amazon Prime Video ta saki wani shiri mai dogon zango, kashi goma, mai suna Jubilee, wanda Vikramaditya Motwane ya ba da umarni. Labarin wani kamfanin shirya finafinai ne a birnin Bombay a zamanin da Indiya ke karɓar 'yancin kai. Akwai mai kamfanin, Srikant Roy, wanda ba ya haɗa kamfaninsa da komai. Akwai matarsa Sumitra Kumari, jarumar da ke da rabo a cikin dukiyar amma zuciyarta na wani wuri. Akwai kuma ƙaramin ma'aikaci, Binod Das, wanda ya wayi gari tauraro da sunan aro. Ƙagaggen labari ne, amma an ɗebo shi daga tarihin wani kamfani na gaske, Bombay Talkies, wanda ya yi kimanin shekara ashirin yana aiki. Ya kamata mai kallon fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa ya san wannan tarihi, domin fitattun sunayen da iyayenmu suka sani a gidajen silima na Kano da Kaduna da Zinder, da yawansu daga wannan gida suka fito.

Yadda aka aza harsashi

Himanshu Rai ɗan wani gidan masu hali ne na Bengal da aka tura Landan karatun lauya, sai wasan kwaikwayo ya ɗauke masa hankali. A can ya haɗu da marubuci Niranjan Pal, suka ƙudura su kai labaran Indiya gaban 'yan kallon Turai. Kuɗi da kayan aiki a Jamus suke a lokacin, don haka Rai ya nufi birnin Munich, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Emelka da wani darakta mai suna Franz Osten. Tare suka yi finafinai uku marasa magana: The Light of Asia a 1925, kan rayuwar Buddha, sai Shiraz a 1928, da A Throw of Dice a 1929.

A wannan tsakanin ya auri Devika Rani, 'yar dangin mashahurin mawallafin nan Rabindranath Tagore, wadda ta yi karatu a Ingila. Su biyun sun zauna a Balin, inda Devika ta koyi kwalliyar 'yan wasa da tsara sutura da sauran sassan sana'ar a babban kamfanin UFA. Abin da suka gani a can shi ya zama tsarin da suka ɗauko: kamfani guda mai komai nasa a harabarsa, mai ma'aikata na dindindin, kowa da aikinsa da lokacinsa.

Da suka koma gida, a 1934 suka kafa Bombay Talkies a Malad, wanda a lokacin ƙauye ne a bayan birnin Bombay, a kan filin wani attajiri mai suna F. E. Dinshaw. Abin da ya bambanta shi tun ranar farko shi ne an yi masa rajista a matsayin kamfanin hannun jari, da hukumar gudanarwa wadda manyan birnin irin su Sir Phiroze Sethna da Sir Chimanlal Setalvad ke zaune a ciki. A zamanin da ake ganin harkar fim sana'ar 'yan tasha ce, sa hannun irin waɗannan dattawa ya sa bankuna da iyayen yara suka fara kallonta da mutunci.

Rai ya gayyato abokansa na Jamus. Osten ya riƙe ba da umarni, Josef Wirsching ya riƙe ɗaukar hoto, Karl von Spreti ya riƙe gina dandalin wasa, Niranjan Pal kuma yana rubuta labari. An gina ɗakunan ɗauka da sauti ba ya ratsa su, da ɗakin wanke fim, da ɗakin tacewa. Ma'aikata sun kai kimanin 400, kowa yana karɓar albashi a ƙarshen wata, jarumi ne ko mai riƙe fitila. Akwai ɗakin shan magani, akwai ɗakin karatu, akwai kuma ɗakin cin abinci guda ɗaya na kowa da kowa. A ƙasar da bambancin asali ke hana wani taɓa kwanon wani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mafi muhimmanci, Rai ya riƙa ɗaukar samari masu ilimi yana zagaya da su sassa daban-daban har su ƙware. Kamfani ne a suna, amma a aikace makaranta ce.

Shekarar da ta haifi Ashok Kumar

Fim na farko, Jawani Ki Hawa, ya fito a 1935, da Devika Rani da wani kyakkyawan saurayi, Najm-ul-Hassan. Kiɗan fim ɗin wata mace ce ta tsara shi, Khorshed Minocher-Homji, 'yar al'ummar Parsi. Mutanenta sun tayar da ƙura kan shigar 'ya'yansu mata harkar fim, kamfanin ya tsaya mata, ta ci gaba da aiki da sunan Saraswati Devi, ta zama cikin matan farko da suka jagoranci kiɗa a finafinan Indiya.

Ana cikin ɗaukar Jeevan Naiya a 1936 sai abin da ya kusa rusa kamfanin ya faru: Devika ta bi Najm-ul-Hassan suka tafi Kalkata. Rai ya rasa mata, kamfani ya rasa jarumarsa, masu hannun jari suna jiran fim. Wani matashi daga sashen sauti, Sashadhar Mukherjee, shi ya bi sawu ya shawo kanta ta dawo. Aka sallami Najm-ul-Hassan, wanda ya koma kamfanin New Theatres. Da aka rasa wanda za a sa a madadinsa, sai aka ɗauko surukin Mukherjee, Kumudlal Ganguly, daga ɗakin wanke fim, yana ta turjiya cewa shi ba ɗan wasa ba ne. Aka raɗa masa suna Ashok Kumar. Wannan shi ne ƙashin bayan labarin Jubilee, sai dai marubutan shirin sun ƙara masa kisa da cin amana waɗanda babu su a tarihi.

A shekarar ce dai aka fitar da Achhut Kanya, labarin soyayya tsakanin ɗan Brahmin, wato mafi ɗaukakar asali a tsarin Hindu, da yarinyar da al'ada ta ce ko taɓa ta ƙazanta ne. Fim ɗin ya samu karɓuwa ƙwarai, ya kuma kafa salon da aka san kamfanin da shi: matsalar zamantakewa a cikin labarin soyayya, da harshe mai sauƙi da waƙoƙin da kowa zai iya rerawa. Wannan salo ne finafinan Indiya suka rayu a kansa shekaru masu yawa bayan haka.

Mutuwar maigida da rabuwar kai

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumban 1939, gwamnatin Ingila da ke mulkin Indiya ta kama Jamusawan da ke ƙasar ta tsare su. Osten, wanda ya yi wa kamfanin finafinai goma sha shida, da Wirsching duk suna ciki. Nan ne horon da Rai ya dage a kai ya yi rana, domin yaran gida suka karɓi kyamara da ba da umarni, aiki bai tsaya ba. Amma shi Rai nauyin ya fi ƙarfinsa. Ya kwanta rashin lafiya, ya rasu a watan Mayun 1940, bai cika shekara hamsin ba.

Ya bar gine-gine da na'urori da ƙwararru, amma bai bar tsayayyar magana kan wanda zai gaje shi ba. Hukumar gudanarwa ta raba aikin gida biyu: Devika Rani da darakta Amiya Chakrabarty a gefe ɗaya, Sashadhar Mukherjee da Ashok Kumar da darakta Gyan Mukherjee a ɗaya gefen, tare da goyon bayan babban manaja Rai Bahadur Chunilal. Zakaru biyu ke nan a akurki ɗaya.

Da farko gasar ta amfani 'yan kallo. Ɓangaren Mukherjee ya fitar da Bandhan a 1940 da Jhoola a 1941, Ashok Kumar da Leela Chitnis suna jan zarensu. Ɓangaren Devika ya mayar da martani da Basant a 1942, inda wata ƙaramar yarinya mai suna Mumtaz ta fara fitowa, wadda daga baya duniya ta sani da Madhubala. Sai Kismet a 1943, wanda jaruminsa ɓarawo ne ɗan sane, abin da ba a saba gani ba. Ya yi fiye da shekara uku ana nuna shi a silimar Roxy ta Kalkata, shi ne kuma fim ɗin Indiya na farko da ya tara rupi miliyan goma. A cikinsa akwai waƙar kishin ƙasa da Kavi Pradeep ya rubuta, wadda ta ambaci Jamus da Japan don ta tsallake masu tace finafinai, alhali kowane ɗan kallo ya san da Turawan mulki take.

A shekarar wannan gagarumar nasara kamfanin ya tsage. Mukherjee da Ashok Kumar da Gyan Mukherjee da Chunilal suka kwashi jama'arsu suka kafa Filmistan a Goregaon, tafiyar da ba ta da nisa daga Malad. Devika ta rage ita kaɗai da ragamar, ta kuma nuna idonta na gane haziƙi bai dushe ba. Ta ɗauki wani ɗan mai sayar da 'ya'yan itace, haifaffen Peshawar, Yusuf Khan, a kan albashin rupi 1,250 a wata, ta sa masa suna Dilip Kumar, ya fara da Jwar Bhata a 1944. Raj Kapoor ma ya yi ƙananan ayyuka a gidan yana saurayi. Duk da haka jayayya da masu jari ta gajiyar da ita. A 1945 ta sayar da hannun jarinta, ta auri mai zanen nan ɗan Rasha, Svetoslav Roerich, ta bar fim har abada.

Farfaɗowa ta ƙarshe

A 1947 Ashok Kumar ya dawo tare da Savak Vacha don su ceto gidan da ya raine su. Shekarar raba Indiya da Pakistan ce, jini na zuba tsakanin Hindu da Musulmi. Ashok Kumar ya tara Musulmi a manyan ayyuka: marubuta Saadat Hasan Manto da Ismat Chughtai, darakta Shaheed Latif da Kamal Amrohi, da makaɗi Ghulam Haider. Wasiƙun barazanar ƙona kamfanin suka riƙa zuwa saboda haka. Manto, wanda ya rubuta labarin waɗannan kwanaki, ya tattara ya koma Lahore a farkon 1948.

A cikin wannan hali aka yi finafinan da suka buɗe sabon zamani. Majboor na 1948 ya ba Lata Mangeshkar babbar damarta ta farko. Ziddi na wannan shekara ya ɗaga Dev Anand, a cikinsa kuma Kishore Kumar, ƙanin Ashok Kumar, ya fara rera waƙar fim. Mahal na 1949, wanda Wirsching ya ɗauka bayan fitowarsa daga tsare, ya mayar da Madhubala da Lata manyan taurari.

Amma kasuwa ta riga ta sauya. Kuɗin da 'yan kasuwa suka tara a lokacin yaƙi, har da na bayan fage, sun kwararo cikin harkar. Furodusan da ba shi da ko rumfa yana iya biyan jarumi a fim ɗaya abin da kamfani ke biyansa a shekara. Taurari suka daina zaman albashi, aka bar kamfanoni da ɗaruruwan ma'aikata da bashi. Ba Bombay Talkies kaɗai abin ya ci ba, Prabhat na Pune da New Theatres na Kalkata duk a shekarun 1950 suka durƙushe. Ma'aikatan Malad sun haɗa ƙarfi suka yi Baadbaan a 1954 ko za a tsira, bai isa ba, aka rufe ƙofa.

Abin da ya rage

Harabar Prabhat gwamnati ta mayar da ita makarantar koyon fim ta ƙasa a 1960. Ta Bombay Talkies kuwa an yayyanka ta, ta zama matattarar ƙananan masana'antu, sai ɓurɓushin tsofaffin gine-gine. Wani kaso na takardu da hotunan kamfanin yau yana Ostireliya a hannun zuriyar Rai, inda aka baje kolinsu a Melbourne a 2017. Devika Rani ita ce ta farko da aka ba lambar Dadasaheb Phalke, mafi girma a finafinan Indiya, ta shekarar 1969, ta kuma rasu a 1994. Sashadhar Mukherjee, wanda ya fara daga sashen sauti, shi ne kakan jaruma Kajol.

Shirin Jubilee ya fi mayar da hankali ga kishi da makirci, domin su ke riƙe ɗan kallo. Tarihin gaskiya ya fi haka amfani. Abin da ya ɗaukaka Bombay Talkies horo ne da tsari da mutunta ma'aikaci. Abin da ya kayar da shi rashin shirya magaji ne, da son girma tsakanin waɗanda suka gina shi tare, da gaza sauyawa lokacin da kasuwa ta sauya. Masana'antar finafinan Hausa, wadda ta faro da Turmin Danya a 1990, ta ari waƙa da rawa da salon labari daga Indiya. Akwai abin aro da ya fi waɗannan: kamfani mai rubutacciyar yarjejeniya tsakanin abokan tarayya, mai koyar da yara ɗaukar hoto da sauti da tacewa, mai adana ayyukansa, wanda kuma zai ci gaba da aiki bayan ran wanda ya kafa shi. Masu kamfanoni a Kano da Kaduna da Jos su zauna su tsara wannan tun suna da ƙarfinsu, kuma tun ana ga-maciji tsakaninsu.