Marubutan Hausa da matsalar tattara hankali wuri guda

Birnin Kano ya shafe fiye da shekara 30 yana zaman cibiyar rubuta ƙagaggun labarai na Hausa da buga su da kuma sayar da su.

Sai dai mafi yawan marubutan ba su da ɗakin aiki na musamman, kuma ba su da albashin da rubutu ke ba su a ƙarshen wata. Yawancinsu malaman makaranta ne, ko ma'aikatan gwamnati, ko 'yan kasuwa, ko kuma matan aure masu ɗawainiyar gida.

Wannan ya sa babbar matsalar marubuci sau da yawa ba rashin labarin da zai bayar ba ce. Matsalar ita ce yadda zai kawar da saƙe-saƙen zuci, ya samu natsuwar da zai kai littafi ƙarshe.

Ga bayani kan abin da ke jawo cunkoson tunani, da yadda marubutan da suka gabata suka fuskance shi, da kuma abin da masana suka gano.

Inda ake rubutun

Ƙaramar hukumar Fagge na daga cikin wurare mafi hada-hada a Kano. A cikinta ne kasuwar Kantin Kwari da ta Sabon Gari suke, haka ma filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, da unguwanni masu yawan jama'a irin su Kwaciri da Rijiyar Lemo.

Kasuwar Sabon Gari da kewayenta sun daɗe suna zaman matattarar dillalan littattafan Hausa, inda 'yan sari daga wasu jihohi da Jamhuriyar Nijar kan zo su yi sayayya.

Wannan harka ta bunƙasa ne daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi farin jini a farkon shekarun 1990.

Tsarin ya ɗora wa marubuci ayyuka da dama. Shi ne zai rubuta, ya kai a buga masa a kwamfuta, ya nemi kuɗin takarda, ya yi ciniki da maɗaba'a, ya kai wa dillali, sannan ya riƙa zarya don karɓar kuɗinsa.

Bugu da ƙari, akan fitar da littafi ne kashi-kashi. Idan kashi na ɗaya ya fita, masu karatu da dillalai kan matsa lamba a kawo na biyu, alhali wani lokaci marubucin bai gama biyan bashin na farko ba.

Littafin hotuna na Diagram of the Heart, wanda 'yar jarida Glenna Gordon ta fitar a 2016, ya nuna yadda marubuta mata a Kano ke rubuta labaransu da hannu a littafin rubutu na 'yan makaranta, a cikin ɗakunansu na kwana.

Daga takarda zuwa waya

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya ne daga 2001. Daga baya, da wayoyi masu intanet suka yawaita, kasuwar littattafan takarda ta ja baya, marubuta da dama suka koma sakin labarai a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu kuma suka shiga rubuta fina-finai masu dogon zango.

Sauyin ya rage wahalar maɗaba'a, amma ya kawo wata sabuwa. Wayar da marubuci ke rubutu da ita, ita ce dai wadda saƙonni ke shigowa ta cikinta, kuma a nan ne masu karatu ke yabo ko suka, suna neman ci gaban labari kowace rana.

Ga kuma matsalar wutar lantarki, wadda kan tilasta wa mutum tsara aikinsa bisa cajin da ya rage a wayarsa. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar tayar da janareta.

Me masana suka gano?

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da gano cewa abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa tana sarrafawa a lokaci guda ba shi da yawa. A 1956 George Miller ya ƙiyasta shi da kusan abu bakwai, amma a 2001 Nelson Cowan ya nuna cewa adadin ya fi kusa da huɗu.

Mai rubuta labari na buƙatar wannan ɗan gurbi gaba ɗayansa, domin yana riƙe da halin taurarinsa, da abin da ya faru a babin baya, da jimlar da yake ginawa. Tunanin kuɗin haya ko na makarantar yara na shiga wannan gurbi ne ya ture wani abu daga ciki.

A 1927 wata mai bincike a birnin Berlin, Bluma Zeigarnik, ta ba da rahoton cewa mutane sun fi tuna aikin da aka katse musu fiye da wanda suka kammala. Binciken da ya biyo baya bai kan samu sakamako iri ɗaya ba kan batun tunawar, amma ya nuna cewa aikin da ba a gama ba yakan ci gaba da jan hankalin mai shi.

A 2011 wasu masana biyu a Amurka, E.J. Masicampo da Roy Baumeister, suka gano wani abu mai amfani ga marubuta. Sun nuna cewa ba sai an kammala aiki ne zuciya ke sakinsa ba. Idan mutum ya rubuta takamaiman shirin yaushe da kuma yadda zai yi shi, tunanin yakan daina kutso masa.

Ita kuwa Sophie Leroy, a wani bincike na 2009, ta nuna cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan maƙale a na farkon. Wannan ya yi daidai da karin maganar nan ta Hausawa cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikata ke yi a kan abu ɗaya a allon kwamfuta kafin su juya ga wani. A 2004 ta samu kusan minti biyu da rabi. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75, a 'yan shekarun baya kuma ya kai daƙiƙa 47.

Bincikenta ya kuma nuna cewa kusan rabin katsewar, mutum ne ke katse kansa da kansa, ba tare da wani ya kira shi ba.

Talauci da natsuwa

Ba kowane rarrabuwar hankali ne ke da nasaba da rashin ƙwazo ba.

Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2013 ya gwada manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, da kuma bayan girbi lokacin da suka samu kuɗi.

Manoman sun fi taɓuka abin kirki a gwajin kaifin tunani bayan girbi. Masu binciken, ciki har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun danganta hakan da yadda zullumin kuɗi ke cinye wani kaso na hankalin mutum.

Ma'anar wannan ga marubuci ita ce, sana'ar da ke ciyar da shi ba lallai ne ta zama kishiyar rubutunsa ba. Sau da yawa ita ce ke ba shi kwanciyar hankalin yin rubutun.

Naguib Mahfouz na Masar, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 1988, ya shafe fiye da shekara 30 yana aikin gwamnati, yana rubutu a wasu sa'o'i da ya keɓe bayan tashi daga ofis.

Darasi daga magabata

Tarihin rubutu a ƙasar Hausa da sauran duniyar Musulmi na ɗauke da misalan mutanen da sai da suka janye daga hayaniya sannan suka yi manyan ayyukansu.

A 1095 Imam Gazali ya ajiye muƙaminsa na koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza ya tafi Dimashƙa. A shekarun keɓewar da suka biyo baya ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din.

Ibn Khaldun ya bar harkokin fada a 1375 ya zauna a Ƙal'at Ibn Salama da ke Aljeriya ta yau. A can ne ya kammala rubutun farko na Muƙaddima a 1377 cikin kimanin wata biyar.

A nan Kano ma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam wajen 1807, bayan ya baro fagen jihadi da niyyar tafiya gabas, mutanen birnin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su.

Misali mafi kusa shi ne na Alhaji Abubakar Imam. A 1936, yana malami a Makarantar Midil ta Katsina, Rupert East na Hukumar Talifi ya sa aka ba da aronsa zuwa Zariya na wata shida. An ɗauke masa nauyin koyarwa, an tanadar masa littattafan da zai duba, aikinsa ɗaya ne kawai.

A cikin wannan lokaci ne ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku da har yau ake karantawa a makarantu.

Ba kowane marubuci ne zai samu wata shida irin na Imam ba. To amma littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda almajiran ilimi a ƙasar Hausa suka sani, ya yi nuni ga abin da kowa zai iya, wato rage shagulgulan da ke raba zuciya, da zaɓen lokacin sahur da tsakanin magariba da lisha domin karatu.

Marubutan wasu ƙasashe ma sun kai ga wannan matsaya. Anthony Trollope, ma'aikacin gidan waya a Ingila, yakan fara rubutu da ƙarfe biyar da rabi na asuba, agogo a gabansa, yana neman kalma 250 a kowane minti 15. Ya bar ƙagaggun littattafai 47. Toni Morrison ta Amurka ma ta saba rubutu kafin ketowar alfijir, lokacin da 'ya'yanta suke ƙanana.

Matakan da ke taimakawa

Na farko shi ne juye abin da ke zuci a takarda. Kafin a fara aiki, a rubuta duk abin da ke damun mutum, kowanne da ranar da za a yi shi. Wani bincike na Jami'ar Baylor a 2018 ya nuna cewa waɗanda suka ɗauki minti biyar suka rubuta ayyukan da ke gabansu kafin kwanciya sun fi saurin yin barci.

Na biyu shi ne tsayar da lokaci ɗaya a kowace rana. A unguwa irin Kwaciri, lokacin da ke tsakanin sallar asuba da fitowar 'yan makaranta da masu A Daidaita Sahu shi ne mafi shiru, kuma zafin rana bai taso ba. Hausawa na cewa da sanyin safiya ake kama fara.

Na uku shi ne raba waya da rubutu. Mai rubutu da hannu zai iya barin wayar a wani ɗaki. Wanda kuma da ita yake rubutun zai iya kashe data har sai ya cika adadin da ya ɗibar wa kansa.

Na huɗu shi ne ƙayyade aiki. Shafi biyu a rana, idan aka dage, sun haura shafi 700 a shekara. Wasu kan bi tsarin da Francesco Cirillo na Italiya ya ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1980, na aikin minti 25 da hutun minti biyar.

Na biyar shi ne raba rubutu da gyara, da kuma raba su duka da kasuwanci. Amsa saƙonnin masu karatu, da bibiyar kuɗi, da tallata littafi, ayyuka ne da ya kamata a ware musu wani lokacin na daban.

Na shida shi ne barin alama. Kafin a tashi, a rubuta layi ɗaya na abin da zai faru a gaba a labarin, domin gobe a ɗora ba tare da lalube ba.

Ga mata marubuta, akwai ƙarin batu na fahimtar juna a cikin gida. Sa'a ɗaya da maigida ko 'yan uwa suka amince cewa ta rubutu ce, ta fi yini guda da ake katsewa kowane lokaci.

Yaushe ne ya zama rashin lafiya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa gaza tattara hankali a cikin alamomin ciwon damuwa, tare da baƙin ciki, da rashin sha'awar abin da mutum ya saba so, da sauyin barci ko cin abinci.

Idan waɗannan alamomi suka kasance kusan kullum har tsawon mako biyu ko fiye, to lamarin ya wuce batun tsara lokaci, ya kamata a ga likita.

A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin Dawanau da ya keɓanta da wannan fanni.