Yadda Karkarwar Fiffike Ta Zama Hanyar Samun Lantarki

Injiniyoyin jiragen sama sun daɗe suna fama da wata cuta mai kama fiffike: idan gudun iska ya kai wani mataki, sai ya kama karkarwa, yana lanƙwasa yana murɗewa, kowace girgiza ta fi ta baya tsanani, har ya karye. A 1916 wutsiyar wani jirgin saman yaƙin Birtaniya, ƙirar Handley Page, ta yi wannan rawa, aka kira Frederick Lanchester ya gano dalili. A 1935 Theodore Theodorsen ya fitar da lissafinta a Amurka. Ran 7 ga Nuwamba 1940 kuma irin wannan cuta ta kama gadar Tacoma Narrows, ta yi ta murɗewa har ta rufta cikin ruwa, alhali gudun iskar bai kai kilomita 70 a awa ba.

Kowa magani yake nema. Sai a 1981 William McKinney da James DeLaurier na Jami'ar Toronto a Kanada suka dubi abin ta wata fuska: tunda iska ce ke ɗura wa fiffike ƙarfin da ke karya shi, me zai hana a tatse shi? Suka ƙera na'urar da suka kira Wingmill. Fiffikenta yana hawa yana sauka, yana kuma karkata goshinsa, kuma dabarar duk tana cikin daidaita motsin biyu, kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya. In goshi ya juya kan kari, iska za ta tura fiffiken duk inda ya nufa. In ya saɓa, aikin banza.

Sai dai iska ba ta da nauyi sosai, ruwa kuwa ya ninka ta kusan sau 800, shi ya sa masu son riba suka koma teku. A 2002 aka nutsar da wata na'ura mai irin wannan fiffike, Stingray, mai kilowat 150 a mashigin Yell na tsibiran Shetland. Ta ba da wuta, amma tsada ta sa aka jingine ta. A ganina laifin na injin ne: abin da ke tsayawa ya juya a ƙarshen kowane bugu yana cin gaɓoɓinsa, farfela kuwa zagayenta kawai take yi.

A 2014 kamfanin Festo na Jamus ya mayar da dabarar cikin iska da DualWingGenerator, mai fikafikai da ke motsi kishiyar juna, wanda aka ƙera domin lallausar iska.