Jelar Gora da Kwararar Ruwan Tekun Meksiko

Matasan masanan teku da ke sauke bayanai daga intanet a yau, inda suke samun matsayin kowace gora awa bayan awa ta hanyar GPS, sukan ɗauki layin da gora ta zana a kan taswira a matsayin tafiyar ruwa kai tsaye, lamarin da ke ci wa tsofaffin hannu a wannan fage tuwo a ƙwarya. Gorar bincike, wato ƙwallon roba mai shawagi da ke aika matsayinsa zuwa tauraron ɗan'adam, tana tsakanin iska da ruwa ne, kuma mafi yawan wahalar da magabata suka sha ta tafi ne wajen tabbatar da wanne daga cikin biyun ke janta.

A Tekun Meksiko wannan tambaya ba ta wasa ba ce, domin a gaɓar Luwiziyana da Teksas ruwan sama yana gangarawa yamma da kudu daga wajen Satumba zuwa Mayu, sannan ya juya baya a watannin zafi idan iska ta sauya, don haka iska da ruwa sukan nufi waje guda, kuma gorar da iska ke turawa tana iya ba da amsar da ta yi kama da gaskiya alhali ta zarce ta. Aikin SCULP, wanda aka fara a 1993 da ɗaruruwan gorori masu bin saman ruwa, samfurin da Russ Davis ya ƙera, shi ya fito da wannan juyi na yanayi filla-filla, kuma Peter Niiler na cibiyar Scripps yana cikin jagororinsa.

Niiler, haifaffen Estoniya, shi ne malamin da waɗanda suka yi zamani da shi ba sa gajiya da ambato, saboda bai yarda a kira wani abu ma'aunin ruwa ba sai an gwada shi a teku. Gorar da ta zama ta kowa a duniya tana jan jela, wato doguwar jakar yadi mai huje-huje kamar tsohuwar safa, wadda tsakiyarta ke rataye a zurfin mita 15, kuma shi ya dage cewa girman jelar ya ninka na ƙwallon da igiyarsa sau 40 ta fuskar jan ruwa. Don ya san yawan zamewar da iska ke haddasawa, sai ya ɗaura ma'aunan kwarara a saman jelar da ƙasanta, ya nuna cewa a iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa zamewar ba ta wuce kimanin santimita 1 a daƙiƙa, alhali idan jelar ta tsinke zamewar takan ninka haka wajen sau goma.

Daga nan ne wata al'ada da yanzu ta ɓace ta samo asali: mutum ya zauna da bayanan gora guda, ya bi alƙaluman na'urar da ke ƙidaya yawan nitsewar ƙwallon a ƙarƙashin ruwa, ya gane da idonsa ranar da nitsewar ta ragu kwatsam, ya rubuta cewa jela ta tafi. Aiki ne mai gundura wanda ba ya kawo wa kowa suna. A zamanin tsarin tauraron ɗan'adam na Argos, wanda ya fara aiki a 1978, matsayi yakan zo da kuskuren ɗaruruwan mitoci da giɓin awoyi, don haka babu mai gaskata layi kafin ya tantance shi. Shekara guda bayan rasuwar Niiler a 2010, wani nazari ya gano cewa saurin da ake gani yana ƙaruwa a kwararar da ke kewaye Antatika ba na ruwa ba ne, gorori ne masu yawa da suka rasa jela ba a lura ba, har sai da aka koma aka sake bin tsoffin bayanai. Tun kafin wannan, masu jefa kwalabe da katin amsa a ciki, kamar yadda aka yi a yammacin Fulorida tsakanin 1965 da 1967, sun san cewa abin da ke hannunsu mafari ne da maƙura kawai, kuma ba su yi da'awar sanin abin da ya auku a tsakani ba.

Can cikin zurfin Tekun Meksiko kuwa, kwararar da ke shigowa ta mashigin Yukatan ta lanƙwasa ta fita ta mashigin Fulorida takan yanke dunƙulen ruwan ɗumi mai juyawa, mai faɗin kilomita 200 zuwa 400, wanda ke tafiya yamma 'yan kilomitoci a yini, kuma kamfanonin haƙar mai suna biyan kuɗi a zuba gorori a cikinsa domin ƙarfinsa yana tsayar da aiki. Bayan fashewar dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a 2010 kuɗin bincike ya kwararo, aka saki gorori kusan 300 a 2012 da kusan 1,000 a 2016, wasu daga cikinsu suka rasa jela a cikin guguwa, aka kuma shiga aikin rarrabe masu jela da marasa ita kafin a amince da sakamakon.