Baƙin Baitalami: masu hikima ne ko masu duban taurari?

A ranar 6 ga Janairu ta kowace shekara, majami'u da dama a duniya na tunawa da baƙin da suka zo daga gabas don gaida jariri Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS). Bisharar Matiyu ce kaɗai ta kawo labarinsu, a ayoyi 12 na farkon sura ta 2. Ba ta faɗi adadinsu ba, ba ta ambaci sunayensu ba, ba ta kuma kira su sarakuna ba. Adadin uku ya samo asali ne daga kyaututtukan da suka kawo, wato zinariya da lubban da mur, yayin da wasu majami'un Suryani ke cewa su 12 ne. Sunayen Kasfar da Malkiyor da Baltazar kuwa sai bayan ƙarnoni suka bayyana.

Muhawarar da ta fi daɗewa ita ce ta sana'arsu. Matiyu ya kira su da kalmar Girkanci "magoi". Masanin tarihi Herodotus, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya bayyana su a matsayin ɗaya daga cikin ƙabilu 6 na Midiyawa, masu hidimar addini da fassara mafarki ga sarakunan Farisa. Daga wannan tushe ne Larabci ya samu "Majus", kuma masana da yawa na ganin daga nan kalmar Hausa Maguzawa ta fito. Zuwa ƙarni na farko na Miladiyya ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa da masu duban taurari na Babila da kuma matsafa. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 13, ya yi amfani da ita ga Bar-Yashu'a na tsibirin Kubrus, kuma a can ba yabo ake nufi ba.

Masu fassara ma sun rabu. Fassarar Latin ta bar kalmar yadda take. Fassarar Ingilishi ta Sarki James ta 1611 ta ce masu hikima, wanda ya rufe batun taurarin gaba ɗaya, yayin da New English Bible ta 1961 ta kira su masu duban taurari kai tsaye. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya zaɓi "masana taurari", lafazin da ke iya ɗaukar ma'ana biyu.

Masu cewa duba ne sana'arsu suna kafa hujja da maganar baƙin kansu a gaban mutanen Urushalima: sun ga tauraro, suka fahimci an haifi sarkin Yahudawa. Danganta fitowar tauraro da haihuwar wani sarki a wata ƙasa aikin mai duba ne. Sun kuma nuna cewa lafazin da ake fassarawa da "a gabas" yana iya nufin "a lokacin fitowarsa", kalmar da masu lissafin taurari ke amfani da ita. Ƙari a kan haka, a wancan zamani ba a raba ilimin falaki da duba ba. Malamin Babila da ke rubuta motsin taurari a allon yumɓu shi ne kuma ke gaya wa sarki abin da motsin ke nufi.

Wannan ya tayar wa shugabannin Ikilisiya na farko hankali, domin Maimaitawar Shari'a sura ta 18 ta haramta duba, Ishaya sura ta 47 kuma ta yi wa masu kallon taurarin Babila ba'a. Tertuliyan, malamin Kartaj a Arewacin Afirka, ya amince masu duba ne, amma ya ce an ƙyale wannan ilimi ne kawai zuwa bayyanar Bishara, kuma komawarsu gida ta wata hanya alama ce ta barin tsohuwar sana'a. Yohanna Kirisostom, wanda ya rasu a 407, ya bi wata hanyar: ya ce abin da suka gani ba tauraro ne na ɗabi'a ba, tun da ya tafi daga arewa zuwa kudu, ya ɓace ya sake bayyana, sannan ya tsaya bisa gida guda. Baitalami dai tana kimanin kilomita 9 kudu da Urushalima. Wasu kuma suka ce baƙin sun san annabcin Bal'amu na Littafin Ƙidaya 24:17 game da tauraron da zai fito daga zuriyar Yakubu, don haka nassi suka bi.

Masana falaki sun shiga batun ta nasu ɓangaren. Mafi yawan masana tarihi na ganin Sarki Hirudus ya mutu a shekara ta 4 kafin Miladiyya, saboda haka a shekarun da suka gabace ta ake bincike. Johannes Kepler ya lissafa haɗuwar Mushtari da Zuhal a shekara ta 7 kafin Miladiyya, wadda ta faru sau uku cikin shekarar. Bayanan China sun ambaci wani tauraro da aka gani sama da kwana 70 a shekara ta 5. A 1999 Michael Molnar ya kawo ranar 17 ga Afrilu ta shekara ta 6, lokacin da wata ya rufe Mushtari. Abin lura shi ne, irin waɗannan alamu ba sa nuna haihuwar sarki sai ga wanda ya iya karatun duba, don haka a fakaice suna ƙarfafa hujjar ɓangaren farko ne.

Idan aka auna, hujjar harshe da ta tarihi sun fi karkata ga cewa masu karanta alamun taurari Matiyu ke nufi. Sai dai wannan bai zama amincewa da duba ba. A cikin labarin, iliminsu Urushalima ya kai su, inda ba a can jaririn yake ba. Manyan firistoci da malaman Attaura ne suka buɗe littafin Mika suka ce Baitalami, gargaɗin kauce wa Hirudus kuma ta mafarki ya zo musu. Akwai ma masanan da ke ganin labarin saƙon tauhidi ne fiye da rahoton tarihi, mai nuna waɗanda ba Yahudawa ba suna cikin na farkon da suka yi wa jaririn mubaya'a.