Gidan Rumfa: gini, addini da sarauta a Kano ta ƙarni na 15

A wannan taƙaitaccen nazari muna son mu duba fadar Kano a matsayin hujjar tarihi. Tambayarmu ita ce: me gini yake faɗa game da ikon wanda ya gina shi?

Sarki Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Tarihin Kano ya jingina masa sababbin abubuwa goma sha biyu, cikinsu har da fadar da ke ɗauke da sunansa, da faɗaɗa ganuwa, da kasuwar Kurmi, da kakaki, da figini, da kulle, da Tara ta Kano, da naɗa bābanni a manyan muƙamai. In muka haɗa su wuri guda, za mu ga manufa ɗaya ce: nisanta sarki daga idon jama'a, tare da ƙara masa kwarjini.

Wurin ginin ma magana ne. Rumfa ya kafa fadarsa a kudancin tsohon gari, nesa da Dala, cibiyar tsafin Tsumburbura. Tarihin ya ƙara da cewa an sare itacen da ake tsafi da shi, aka gina hasumiya a gurbinsa. A wannan zamani ne, wajen 1492, Shehu al-Maghili ya sauka Kano, ya rubuta wa sarki risala kan wajiban masu mulki. Wato halaccin sarauta ya tashi daga dutse ya koma ga littafi.

Tsarin cikin gida ya bi wannan hanya. Baƙo yakan ratsa zaure bayan zaure, kowace ƙofa da mai tsaronta, kuma matsayin mutum shi ke yanke inda tafiyarsa za ta tsaya. Binciken Heidi Nast (2005) ya nuna cewa sashen mata ma wurin mulki ne, domin ƙwaraƙwaran sarki suna da hannu a sarrafa hatsin haraji.

Kwatanci da Turai yana da amfani. Tsakanin 1563 da 1584 Sarki Filib na II na Sifaniya ya gina Eskoriyal, inda ya haɗa fada da majami'a da gidan zuhudu da makabartar sarakuna. Can dutse ne, nan kuwa laka da azara, amma duka biyun sun jingina sarauta ga addini.

Sai dai dole mu yi hattara. Ginin laka kullum sabunta shi ake yi: Ƙofar Kudu ta ƙarni na 19 ce, Soron Ingila kuma na zamanin Turawa ne. Shi kansa Tarihin Kano, a ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta shi kamar yadda muke da shi. Saboda haka abin da muka gāda daga Rumfa shi ne wuri da tsari. Duk ɗalibin da ya ɗauki adon bangon yau a matsayin fasahar ƙarni na 15 ya haɗa zamani biyar a kwando ɗaya.