Daga Samaru Zuwa Abuja: Yadda Dogayen Yara Suka Daina Bi Ta Tsohon Gidan Ƙwallon Kwando

Idan la'asar ta yi sanyi a Abuja, ka leƙa ɓangaren wasannin cikin ɗaki na filin wasa na ƙasa, wanda aka gina domin gasar wasannin Afirka ta 2003 kuma aka sa masa sunan Moshood Abiola a 2019. Tun daga nesa za ka fara jiyo ƙarar ƙwallo a kan daɓe da kukan takalma. Yara ne samari, wasu tsayinsu ya kusa mita 2 alhali gemu bai fito musu ba, suna tsalle suna neman taɓa bakin kwandon da ke rataye a tsayin mita 3.05. A gefe kuwa akwai wani riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo. Wannan bidiyon shi ne takardar neman aikin yaron. Kafin isha ya isa wayar wani koci a Amurka, ko wani dillalin 'yan wasa a Turai.

Shekaru arba'in da suka wuce, yaro mai irin wannan tsayi a arewacin Najeriya hanya ɗaya aka sani da za a nuna masa. Ita ce hanyar Zariya.

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya ta buɗe ƙofofinta a watan Oktoban 1962, kuma tana cikin jami'o'i biyar da suka fara gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, a 1966, tare da na Ibadan da Nsukka da Legas da Ife. A wancan zamani jami'a ɗaya ce tak a duk faɗin Arewa. Ɗan Ilori da ɗan Makurɗi da ɗan Maiduguri da ɗan Jos duk a Samaru suke haɗuwa. Ma'aikatanta kuma sun fito daga kowane lungu na ƙasar nan da ƙasashen waje, 'ya'yansu suna tasowa a gidajen ma'aikata, kusa da filayen wasa. Ƙungiyar da ke zaune a irin wannan mahaɗa ba ta da buƙatar fita farautar 'yan wasa. Su ne ke zuwa da ƙafarsu.

Amma taruwar jama'a kaɗai ba ta yin ɗan wasa. Abin da ya mayar da Zariya gidan ƙwallon kwando shi ne mutum guda da ya zauna bai tashi ba: Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da 'yan wasa ke kira OBJ. Ya shafe shekaru masu yawa a Zariya yana horar da 'yan jami'ar da yaran gari, har ya zama ɗan gida. Wanda ya san aikin koyarwa ya san abin da hakan ke nufi. Yaro ya zo yana ɗan shekara 12 bai iya riƙe ƙwallo ba, a koya masa buga ta da hannun hagu, a koya masa inda zai dasa ƙafarsa kafin ya juya, a sa shi jifa daga wuri ɗaya sau ɗari har hannu ya haddace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawar dole ya kasance yana nan gobe da jibi da baɗi.

Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, ya taso a Zariya, kuma yana ɗan shekara 13 ya fara buga ƙwallon kwando a filayen garin. Daga nan ya tafi Amurka, ya yi wasa a kwalejin Bismarck da ke jihar Dakota ta Arewa, ya buga wa ƙungiyoyi a Turai, sannan ya shiga aikin neman 'yan wasa, da farko ma ba tare da albashi ba, wa ƙungiyar Orlando Magic. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na gasar NBA, a 2019 kuma Toronto Raptors da yake jagoranta ta ɗauki kofin gasar karo na farko a tarihinta. Masai bai taɓa ɓoye cewa tushensa Zariya ne ba, kuma bai gaji da ambaton kocinsa ba.

Sai dai a cikin wannan labari mai daɗi akwai ƙwayar matsalar da ta zo daga baya. Tun kafin Masai ya fara wasa, wani ɗan Legas ya riga ya nuna wa duniya hanya. Hakeem Olajuwon ya sauka a Jami'ar Houston a 1980. A 1984 shi aka fara zaɓa a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, a shekarar da Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma Musulmin ƙasar nan ba za su manta da yadda yake shiga fili da azumi a bakinsa ba. Daga ranar da Hakeem ya yi suna, kocin kowace kwaleji a Amurka ya gane cewa akwai dogayen yara a Najeriya, kowane dogon yaro a Najeriya kuma ya gane cewa akwai karatu kyauta a Amurka.

A farkon lamari wannan bai cutar da Zariya ba, ƙara mata kwarjini ma ya yi. Mai son tafiya waje sai ya fara zuwa inda ake koyarwa, inda kuma kocin ke da waɗanda ya sani a can. Jami'ar ce gadar. Yaro ya yi shekara biyu ko uku yana sa rigarta a gasar NUGA, ya ci mata lambobi, sannan ya wuce. Ko bai samu tafiya ba, ya fita da digiri, ya samu aiki a kwastan ko 'yan sanda ko banki, waɗanda su ma suna da ƙungiyoyinsu.

Abin da ya canza shi ne shekarun da ake ɗaukar yaro. A 2003 Masai ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ta fara da sansanonin horo a Najeriya, inda ake tara fitattun yara na 'yan kwanaki a gaban masu neman 'yan wasa. A shekarar ce kuma NBA ta kawo sansanin Basketball Without Borders nahiyar Afirka. A watan Nuwamban 2013 aka ƙaddamar da shirin Power Forward a makarantun sakandare 10 na Abuja, da haɗin gwiwar NBA da kamfanin ExxonMobil da ƙungiyar Africare, Hakeem da kansa ya halarta. A 2017 NBA ta buɗe makarantarta ta horo a Senegal. Duk waɗannan ayyukan alheri ne, sun buɗe wa yara ƙofofin da iyayensu ba su taɓa mafarkinsu ba. Amma sun sauko da shekarun tafiya daga 20 zuwa 14 da 15. Precious Achiuwa ɗan Fatakwal da Charles Bassey ɗan Legas, waɗanda suka kai NBA, a Amurka suka yi sakandare. Yaron da a da zai cika takardar neman shiga jami'a a Samaru, yanzu ya bar ƙasar tun bai zauna jarrabawar JAMB ba.

Waɗanda suka rage a gida su ma ba lallai su nufi Zariya ba. Arewa ta cika da jami'o'i, kowace jiha da nata. Abuja kuma, wadda ta zama mazaunin gwamnati a watan Disamban 1991, ta janyo kuɗi da ofisoshin jakadanci da makarantun kuɗi masu filayen wasa na zamani. A nan ake karɓar biza, a nan baƙi ke sauka, a nan hukumomin wasanni suke. A 2005 Abuja ta karɓi gasar mata ta Afirka, ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, ta ɗauki kofin a gida. A 2015 ƙungiyar Mark Mentors ta Abuja ta lashe gasar ƙasa, a tsakiyar shekarun da Kano Pillars ke cin karenta ba babbaka. Jami'ar Nile, wadda aka kafa a 2009, ta haɗa ƙungiyar da ta kai ga buga gasar manyan ƙungiyoyin ƙasar. Tsohuwar jami'a mai tarihi ta wayi gari tana takara da ƙanƙanuwar jami'a mai iya ce wa uba: kawo ɗanka, shekara huɗu zai yi ya gama.

Wannan alkawari na shekara huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati ya ci kusan wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin tarihi zai iya dawowa ya ɗora daga inda ya tsaya. Ɗan wasa kuwa jikinsa ne jarinsa, kuma ƙuruciya ba ta jiran a buɗe makaranta. Idan an rufe ɗakunan kwana, ƙungiya ta watse, mai tafiya Legas ya tafi, mai komawa gona ya koma. Ranar da aka dawo, koci sai ya fara ƙirga waɗanda ya rasa.

Sai kuma rikicin shugabanci. A watan Yunin 2017 aka yi zaɓe biyu na hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, ɗaya a Kano ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja ya ba Musa Kida. A watan Janairun 2022 aka maimaita, Kida a Benin, Igoche Mark a Abuja. A watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga wasannin ƙwallon kwando na ƙasa da ƙasa na tsawon shekara biyu. Ta soke matakin bayan 'yan makonni, amma aikin gama ya gama, domin an riga an ba Mali gurbin D'Tigress a gasar cin kofin duniya. A waɗannan shekaru gasar cikin gida ta yi ta tangal-tangal. Idan babu tabbatacciyar gasa, me koci zai nuna wa yaro ya ce ga inda za ka je idan ka zauna?

Abin da ke sa zuciya ciwo shi ne a daidai wannan lokaci ne sunan Najeriya ya fi ɗaukaka. Ƙungiyar maza ta ƙasa, D'Tigers, ta ci kofin Afirka a 2015, ta doke Amurka da maki 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas a 2021. D'Tigress ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Paris a 2024 ta zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik. Amma yawancin waɗannan jarumai a makarantun waje aka raine su. Muna cin amfanin gonar da ba mu muka nome ta ba.

Tsofaffin gidajen wasa na Amurka ma suna nasu kukan. Tun daga watan Yulin 2021 aka halatta wa ɗaliban kwalejojin Amurka samun kuɗi da sunansu, aka sauƙaƙa musu sauya makaranta, a 2025 kuma aka amince jami'o'i su riƙa biyansu kai tsaye. Tutocin nasara da ke rataye a rufin ɗakin wasa sun daina isa su riƙe yaro. Idan suna kaɗai bai wadatar da jami'a irin ta Kentucky ba, ba zai wadatar da Samaru ba.

Zariya ba za ta iya gasar kuɗi da Amurka ba, kuma babu dalilin da zai sa ta tare hanyar yaron da rabonsa ke can. Amma cikin yara ɗari da ke tsalle a filin Abuja da yamma, 'yan ƙalilan ne jirgi zai ɗauka. Sauran su ne amanar jami'o'inmu. Abin da suke buƙata sananne ne: guraben shiga da aka ware wa 'yan wasan da suka cika sharuɗɗan karatu, ɗaki da abinci, gasar jami'o'i mai tsayayyen lokaci kowace shekara, da tsofaffin ɗaliban da za su riƙa waiwayen filin da ya yi su. Sama da duka, ana buƙatar koci mai albashin da zai riƙe shi, wanda zai shiga makarantun Sabon Gari da Tudun Wada da Kaduna da Funtuwa yana duban yara tun suna aji ɗaya.

Da haka aka gina gidan tun farko. Babu wanda ya aika wa Oliver Johnson bidiyon Masai Ujiri. Yaro ne ya zo fili wata rana, ya tarar da ƙwallo, ya tarar da malami, kuma da ya dawo washegari ya sake tarar da shi.